Idan Ƙwan Ya Yi Baƙi

Ibadan, 4 ga Yuni, 2023

Zuwa ga Rufa'i,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da matarka Fiddausi da yara. Ina gaida kakata Inno, da fatan ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Ni lafiya lau, sai ruwan Ibadan da ba ya tsagaitawa.

Ba don raina ya so nake rubuto maka ba. Tun ranar da ka ce a gurup ɗin dangi na waya wai an tura ni jami'a na ƙare da kiwon ƙuda, na toshe lambarka, kuma ban yi nadama ba. Kakanka da Inno wa da ƙanwa ne, na sani, amma wasan taubasai ma yana da iyaka. Inno ce ta ce duk maganar da ta shafi gonarta a rubuta a takarda, Bamanga direba ya kai, Fiddausi ta karanta mata, don ta gaji da "ya ce, ta ce". Umarninta nake bi.

Ga maganar. Inno ta yarda a raba gonarta ta hanyar Dukku gida biyu a bana. Rabin yamma naka ne, ka shuka masararka mai zaƙi ka yi ta yi mata wanka da guba yadda ka saba. Rabin gabas ma kai za ka shuka, iri ɗaya, rana ɗaya, amma ko ɗigon maganin feshi kada ya taɓa shi.

Zan yi bayani a hankali, tunda na san yadda kuka rabu da makaranta. Tsutsar da ke cin zuciyar masara ba daga sama take faɗowa ba. Wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka yake zuba ƙwai a bayan ganye. Akwai wani ɗan zanzaro, bai kai ƙwayar gero ba, wanda ke huda ƙwan nan ya saka nasa a ciki. Maimakon tsutsa ta ƙyanƙyashe, sai zanzaro ya fito ya tafi neman wani ƙwan. Shi muke kiwo a ɗakin bincike. Zan riƙa aiko maka da shi a manne jikin kati, ka rataye a gona. Aikinka ke nan. Ko jaki zai iya.

Wannan gwajin shi ne babi na ƙarshe na digirina na uku, kuma a watan Oktoba zan miƙa. Da ina da wani a Gombe da ba kai ba, da ban kula ka ba.

Batul


Tudun Wada, Gombe, 21 ga Yuni

Zuwa ga Dakta mai jiran gado,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwar Inno tana nan yadda kika bar ta shekara shida da suka wuce, sai abin da ya ƙaru. Ni nake kai ta asibiti a kan mashin, idan kina son sani. Fiddausi tana gaishe ki, ita dai ba ta da zuciya.

Na ga takardarki. Fiddausi ta karanta wa Inno har wurin jakin. Inno ta ce a maimaita, aka maimaita, ta yi dariya har da tari. Na gode.

Mun yi shuka ranar Lahadi bayan ruwan da aka yi. Na ja igiya a tsakiya, gabas naki, yamma nawa. Shekara takwas ina noma gonar nan, shekara goma sha ɗaya ina sayar da maganin feshi a shagona. Babu kwalbar da ban san warinta ba. Yanzu wadda ba ta taɓa riƙe fartanya ba za ta koya mini noma daga Ibadan, ta hanyar aiko mini ƙwaro a ambulan. Mu nan ƙwari ba su yi mana kaɗan ba, Dakta. Da gishiri kika aiko da mun ce useko, mun gode.

Abin da ba a koya muku a jami'a shi ne, masara mai zaƙi ba masarar tuwo ba ce. Ta tuwo ko tsutsa ta ci rabi, a niƙa sauran. Wannan kuwa ɗanyarta ake saye. Kadijatu, shugabar mata masu gasa masara a bakin titinmu, sai ta ɓare kowane goyo ta duba. Ta ga rami ɗaya, ta jefo miki shi a ƙafa. Da abin da gonar nan ta bayar ake sayen maganin Inno da abincinta har damina ta zagayo. Rabin wannan kika ɗauka kike wasa da shi.

Kuma ki yi tunanin shagona. Mai sayar da maganin feshi, a ce rabin gonarsa ba ya fesawa! Tun yanzu 'yan majalisarmu sun fara tambayata ko zan riƙa kai ƙwarin naki kiwo da safe.

Amma kin samu abokiyar tafiya. Maƙwabciyar gonarmu ta gabas, Ya Falmata, wata tsohuwa 'yar Damboa da rikici ya koro, tana zaune a Manawashi da jikoki huɗu. Wani ne ya ba ta aron fili, bai fi tabarma goma ba. Fiddausi ta ba ta ragowar irinmu ta shuka. Ita ma ba ta feshi. Toka da yashi take zubawa a zuciyar masara da hannu, tushe bayan tushe, ta bi da ruwan kifi da sukari wai don tururuwa su hau su cinye tsutsa. Ita talauci ne ya sa ta. Ke ban san me ya sa ki ba.

Aiko da rundunar taki. Muna jira.

Rufa'i


Ibadan, 2 ga Yuli

Rufa'i,

Salam. Fatan kuna lafiya, a gaida Inno. A gaggauce nake, Bamanga yana ta danna mini oda a bakin ƙofa.

Ga kati arba'in a cikin kwali. Kada ya sha rana, kada ya jiƙe. Ka rataye ɗaya bayan kowane taku goma, a ƙarƙashin ganye, da sassafe. Ka riƙa duba ƙwan da ke jikin katin. Idan ka ga ƙwan ya yi baƙi, to an gama.

Gobe zan wuce Kwatano taron bita na mako uku. Abokiyar aikina Becky za ta aiko maka da kwali na biyu da na uku, mako mako.

Toka da ruwan kifi kuma, kada ka ƙara haɗa aikina da irin wannan camfin. Ni kimiyya nake yi, ba miya ba.

Batul


Tudun Wada, 7 ga Yuli

Dakta,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, sai ƙaramar 'yarmu da ta yi zazzaɓi, ta warware.

Ina yi miki ta'aziyya. Rundunarki ta rasu a hanya. Bamanga ya iso ranar Alhamis, na buɗe kwali a gaban Inno, kati arba'in ɗin nan duk ƙwan jikinsu baƙi ƙirin kamar an barbaɗa gawayi. Na ce Fiddausi ta sake karanta takardarki. "Idan ka ga ƙwan ya yi baƙi, to an gama." To, an gama. Allah ya ba ki haƙuri. Sojan da bai iya jure zama a mota ba, ina zai iya da tsutsar Gombe?

Don kada a ce ban yi adalci ba, sai da na kai su har gona na sake dubawa a hasken rana. Baƙi ne. Na watsa su a kan shingen ƙaya. Ya Falmata tana tsugune tana zuba tokarta, ta ɗago ta ce, "Ɗana, mene ne wannan kake zubarwa?" Na ce, "Layar 'yan boko ce, Ya Falmata, maganin tsutsa, daga Ibadan." Wasa nake yi. Sai ta tashi ta bi ƙaya tana tsince su ɗaya bayan ɗaya, har ta soke yatsa. Ta ce, "Abin da aka yi don magani ba a yar da shi a ƙasa." Ta rataye su a masararta. Na yi dariya har na zauna a kan kunyar masara. Kin samu ɗaliba, sai ki aiko mata da satifiket.

Tsutsa ta fara huda ganye a ɓangarenki. Ba zan tsaya ina kallo ta ci abincin Inno don ke ki sa hula mai tunku ba. Tunda naki ya mutu, na cire igiyar, na fesa gonar duka daga gabas har yamma.

Rufa'i


Tudun Wada, 24 ga Yuli

Batul,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Inno tana tambaya ko kina raye.

Shiru har yau. Bamanga ya ce ya ajiye takardata a ofishinku, aka ce ba kya nan. Na ɗauka kunya ce ta hana ki amsawa, kuma ban ga laifinki ba.

Becky ɗinki ta aiko da kwali biyu. Su ma gawa. Ban ma wahalar da kaina ba, na miƙa wa Ya Falmata kai tsaye. Yanzu gonarta kamar shagon mai sayar da katin waya.

Bana tsutsar ta zo da taurin kai. Na fesa sau uku. Na canza magani, na ƙara ƙarfi, na haɗa biyu wuri ɗaya. Da safe sai in buɗe zuciyar masara in tarar da ita a naɗe a ciki, ta yi ƙiba, ta cika wurin da kashinta kamar dusa. Feshin na jiya ya sa na yini da ciwon kai, hannuna duk ya saɓule. Da tun farko ban tsaya jiran ƙwarinki ba, na fesa da wuri, da ba ta samu gindin zama ba. Wannan a wuyanki yake.

Rufa'i


Ibadan, 2 ga Agusta

Rufa'i,

Salam. Ina fatan Inno tana lafiya. Kai ban tambaya ba.

Taron ya zarce da mako guda. Jiya na dawo na tarar da takardunka biyu a kan teburina. A tsaye na karanta su.

Baƙin ƙwai shi ne alamar zanzaron ya kama, ya girma a ciki, saura kwana biyu ko uku ya fito. An gama, wato aiki ya yi! Kamar yadda mace ke cewa an gama abinci. In Fiddausi ta ce maka an gama tuwo, zubarwa kake yi a shinge? Kati ɗari da ashirin. Wata huɗu muna kiwon su, ni da Becky, muna auna zafin ɗaki safe da yamma kamar masu jinya. Suka iso hannunka lafiya ƙalau, a daidai lokacin da ya kamata, ka watsar. Sannan ka bi gonar da guba ka kashe duk wani ƙwaron kirki da Allah ya ajiye a wurin.

Kana mamakin tsutsa ba ta mutuwa? Shekara takwas kana shayar da ita magani ɗaya, ta saba da shi kamar yadda ka saba da shayi. Kuma tana can cikin naɗin ganye inda feshinka ba ya kaiwa. Wanda yake mutuwa shi ne mai cin ta. Kai ba manomi ba ne, Rufa'i. Mai shago ne da ya samu gonar tsohuwa yana gwada hajarsa. Ko takardar jikin kwalbar da kake sayarwa ban yi zaton ka taɓa karantawa har ƙarshe ba.

Da ka tambaya mana! Layi ɗaya. Amma girman kai ya hana, don ka fi son abin ya mutu ka samu na faɗa a majalisa.

Ka kashe mini shekara. Fiddausi, ki karanta wa Inno wannan da ƙarfi.

Batul


Tudun Wada, 3 ga Satumba

Batul,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Inno ta yi mura, ta samu sauƙi. Ta ji takardarki da ƙarfi yadda kika ce, har maƙwabta sun ji.

Wata guda ban amsa ba, don da na amsa a ranar da zumunci ya yanke. Kin ce da na tambaya. Ta ina? Lambata a toshe, ke kina Kwatano. A garinmu idan aka fito daga ɗakin mara lafiya aka ce an gama, ba tuwo ake nufi ba. Mai digiri biyu da rabi ta kasa rubuta jimla ɗaya da mutum zai gane. Da Turanci kike tunani, ki juye mana a Hausa, sannan ki ce mu ne jakai.

Amma zan faɗa miki abin da na gani, ba don ke ba, don ni ba na ɓoye gaskiya ko ta ci ni.

Washegarin da takardarki ta iso na tafi gona. Na tsallaka shinge na shiga ta Ya Falmata. Masararta kore shar, ganye da 'yan ramuka nan da can, amma zuciyar lafiya. Na fara juya ganye. Na samu gungun ƙwai goma sha uku, goma sun yi baƙi. Na tsaya a kan ɗaya na ƙura ido har sai da na ga wasu 'yan ɗige-ɗige suna yawo a kai, kamar ƙurar barkono mai ƙafa. Tururuwa kuma suna hawa suna sauka a kowane tushe, na ga sun kama wata ƙaramar tsutsa suna ja. Na dawo tawa na juya ganye har rana ta take. Ƙwai fari fat, ko ɗaya babu baƙi. Ko gizo-gizo babu. Gonar shiru kamar maƙabarta, sai tsutsa.

Ya Falmata ta same ni a tsaye. Ta ce, "Ɗana, me ka yar?" Na ce babu. Na ce mata layar nan ba laya ba ce, ƙwari ne. Ta ce, "To, ai ko laya ma Allah ne ke sa ta yi aiki." Na tambaye ta ita a ganinta wanne ya yi, katin ko tokar. Ta ce ita tun a Damboa da toka da tururuwa take noma, wata shekara ta samu, wata ta rasa, amma ba ta taɓa ganin irin ta bana ba. Ta ce, "Mutum biyu suka ɗaga tukunya, sai ka tambaye ni wa ya ɗaga?"

Ranar Talata muka karya masara. Kadijatu ta zo da matanta har gona. A tawa, cikin goyo goma da ƙyar take ɗaukar uku. Sauran ta ɓare ta nuna mini ramin, ta ajiye. Can wata a cikinsu ta leƙa ta shinge, sai duk suka tsallaka. Ya Falmata ta sayar musu da tata kaf, ba ta rage ko ɗaya ba sai wanda ta ɓoye wa jikoki. A gabana, da irina.

Labari ya riga ni isa Tudun Wada. Yanzu a majalisa ba a tambayata kiwon ƙwari, ana tambayata ko zan fara sayar da toka. Abin da aka samu a gonar Inno ba zai kai ta ƙarshen shekara ba. Ni zan cika, ba roƙonki nake ba.

Ga shi nan, kin ji daɗi.

Rufa'i


Ibadan, 9 ga Satumba

Ɗan'uwana Rufa'i,

Assalamu alaikum. Fatan kana lafiya, hannun ya warke. Wannan takardar taka ce kai kaɗai. Kada a karanta wa Inno.

Na karanta abin da ka rubuta sau uku. Goma cikin goma sha uku! Ka san ko a gonar gwaji ta nan ba mu taɓa samun haka ba? Ashe kana da ido, ban sani ba.

Ka saurare ni da kyau. Iri ɗaya ne, ƙasa ɗaya, shuka kusan rana ɗaya. An rataye kati sau uku. Gefe guda an fesa, gefe guda ba a fesa ba. Gwajin da na tsara ke nan, shinge ne kawai ya gusa. Na haɗo maka da fom. Inda aka ce wurin gwaji, ka rubuta rabin gabas na gonar Inno. Inda aka ce ko an yi amfani da wata dabara, ka rubuta babu. Ka cike lissafin ƙwan da na goyon da aka karya, ka sa hannu a matsayin manomi. Ba sai an ambaci tsohuwar ba. Idan toka da ruwan kifi suka shiga takardar, malamina zai ce ba a san wanne ya yi aiki ba, ya yi watsi da babin duka. Ita me za ta yi da suna a littafi? Ko karatu ba ta iya ba. Zan aiko mata da atamfa.

Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Idan ka yi, na yafe, kuma zan buɗe lambarka.

'Yar'uwarka,
Batul


Tudun Wada, 17 ga Satumba

Batul,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, hannu ya warke. Yau na zama ɗan'uwa, Allah mai iko.

Bamanga bai same ni a shago ba, sai ya kai takardarki inda ya saba kaiwa, gidan Inno a Madaki. Fiddausi tana can. Kin san ta, in ta fara karatu ba ta tsallake ko ɗigo. Ta karanta "Kada a karanta wa Inno" a gaban Inno, sannan ta tsaya. Inno ta ce, "Ci gaba." Ta ci gaba har atamfa.

Da na iso bayan la'asar na tarar da su zaune, fom ɗin a kan tabarma. Inno ta ce, "Rufa'i, da kai ta fara samu, da ka sa hannu?" Gaskiya ban sani ba. Takardar da za ta ce a gonata aka yi abin kirki, bayan dariyar da ake yi mini, wataƙila da na sa. Na faɗa mata haka. Ta ce, "Gara kai, ka san kai ɓarawo ne tun ba ka yi satar ba."

Ta sa na ɗauko Ya Falmata a mashin daga Manawashi. Ta sa aka shimfiɗa mata darduma, aka kawo fura. Ta tambaye ta labarin filinta. Ashe mai filin ya riga ya sauke bulo, bayan damina zai fara gini, ba ta da inda za ta shuka baɗi. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Ga abin da Inno ta ce in rubuta miki, ba ƙari ba ragi:

"Na ba jikoki biyu gona. Ɗaya ya zubar da abin da bai gane ba don ya raina mai aikowa. Ɗaya tana so ta shafe sunan wadda ta yi wahala don ta raina ta. Wadda kuka taru kuka raina ita kaɗai ta sunkuya ta tsinta. Baɗi gonata duka a hannun Falmata take, mu raba abin da Allah ya bayar ni da ita. Rufa'i zai yi mata huɗa, kuma kwalbarsa ba za ta ƙara shiga ba sai in ita ta ce. Batul in tana son gwaji, ta zo da ƙafarta ta durƙusa ta roƙi mai gona. Atamfarta kuma ta ɗinka ta sa, ta rufe kunyarta."

Ya Falmata ta yi ta rantsuwa ba za ta karɓa ba, tana cewa kada a raba zumunci a kanta. Inno ta ce zumuncin da tsutsa ta riga ta ci ba ita za ta raba ba. Daga ƙarshe ta karɓa tana kuka. A hanyar mayar da ita ta dafa kafaɗata ta ce, "Yarinyar nan mai ƙwari, ka ce mata kada ta ji tsoro, ni ba ni da faɗa."

Shekara takwas ina noma gonar nan, yau na koma ɗan ƙodago a cikinta. Ke kuma ga fom ɗinki na mayar, fari yadda ya zo. Na daɗe ina jin haushin kin fi ni karatu. Yanzu na huta.

Rufa'i


Ibadan, 26 ga Satumba

Rufa'i,

Salam. Ina gaida Inno, in za ta amsa. Ina gaida Fiddausi. Ina gaida Ya Falmata.

Kwana uku ban fita ba. Ranar Litinin na je wurin malamina na faɗa masa komai, har da fom ɗin. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in ɗauke takarduna daga teburinsa, in dawo bayan shekara guda. Da na kai ƙofa ya ce, "Tsohuwar nan, sau nawa take zuba tokar a mako?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Shi ne abin da ya kamata ki fara tambaya."

Ba zan sa hula da 'yan ajinmu ba. Ba laifinka ba ne kai kaɗai, iyakar abin da zan iya ce maka ke nan, kada ka nemi ƙari. Har yanzu ina nan a kan bakana, ba ka iya noma ba.

Zan taso ranar Laraba ta mako mai zuwa, in iso Alhamis da rana in Allah ya yarda. Ka ce wa Fiddausi ta share mini ɗakin da ke kusa da na Inno. Daga tasha zan wuce Manawashi kai tsaye kafin in shiga gida, don ba zan iya haɗa ido da Inno ba sai na yi abin da ta ce. Kada ka zo tarye na. Garinmu ne, na san hanya.

Batul


Tudun Wada, 1 ga Oktoba

Batul,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Inno ta amsa gaisuwar, amma sai da ta ja lokaci. Bamanga zai ba ki wannan kafin ki hau mota.

An share ɗaki. Ya Falmata ta ji kina zuwa, tun jiya take neman aron kujera wai Dakta ba za ta zauna a ƙasa ba. Na ce mata ta bari, ƙasan ta fi dacewa da ke.

Hanyar Manawashi da kika sani, kwari ya cinye ta shekara uku da suka wuce. Inda kike tsallakawa da ƙafa yanzu rami ne mai zurfin gida. In kika bi ta, sai dai mu ciro ki da igiya.

Zan zo tasha. Ki sa takalmin da za ki iya tafiya da shi.

Rufa'i